Inna da Akushin da Na Fasa

Inna ta rasu da hantsin wata Talata, a ɗakinta da ke gidanmu na Unguwar Dosa, bayan jinyar da ba ta cika wata biyu ba. Mahaifiyar maigidana ce. Shekara ashirin da ɗoriya muna gida ɗaya da ita, murhu ɗaya, famfo ɗaya, kuma a hannuna ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ɗauka dangi da maƙwabta ne za su cika tsakar gidan, sai abokan aikina na sakatariya da na maigida. Sun zo kuwa. Amma tun kafin a fita da ita bayan azahar, sai ga waɗansu mata suna shigowa rukuni-rukuni, wasu na san fuskarsu, wasu ban taɓa gani ba. Masu tuwo-tuwo ne na bakin tashar Kawo, da masu fura, da masu waina daga Kurmin Mashi. Wata ta shigo da ƙullun shinkafa a bayan hannunta, ko wankewa ba ta tsaya yi ba da ta ji labari.

Wata dattijuwa mai tuwo ta riƙe hannuna ta ƙi saki. "Ya haƙuri, 'yar nan? Kin ga muciyar da nake tuƙi da ita? Tun ina da ƙarfin tuƙa babbar tukunya ni kaɗai ta gyara min ita. Ko sau ɗaya wani bai taɓa tsintar tsinke a tuwona ba."

Ta kusa da ita ta yi dariya, hawaye na zuba. "Ni fa ranar farko korata ta yi. Na kawo mata ludayin katako duk ya yi baƙin ruma. Ta juya shi, ta dube ni, ta ce da wannan kike ciyar da bayin Allah? Na tafi ina zaginta a zuci. Bayan kwana uku ta aiko min da sabo."

Can gefe wata Kirista mai sayar da sakwara ta zauna shiru, ta rufe kanta da ɗankwali. Da na je gaishe ta sai ta ce, "Mama ce ta hana turmina tsagewa. Allah ya ba ta hutu."

Wata abokiyar aikina ta raɗa min, "Wai Hajiyar taku sana'ar me take yi haka?" Na ce muciya take gyarawa da akushi. Ta dube ni kamar na yi mata ba'a a gidan makoki. Wannan kallon ne ya sa na zauna na rubuta abin da na sani game da ita, don jikokinta su samu abin karantawa idan mu ma mun bi ta.

Mijinta, wanda muke kira Baba ko da yake ban riske shi ba, masassaƙi ne. Yana da rumfa a Kawo. Shi ke sarar itace da gizago ya fitar da turmi da taɓarya da akushi da muciya, ita kuma a gida ta ƙarasa su: ta goge, ta shafa mai, ta mayar masa ya sayar. Da ya rasu, abokan sana'arsa suka ci gaba da kawo mata kayansu a buhu, mata kuma suka koyi hanyar gidan suna kawo tsofaffin kayan girkinsu. 'Ya'yanta sun sha roƙonta ta huta. Maigidana, wanda shi ne na fari, ya taɓa ce mata, "Inna, me kika rasa a gidan nan?" Ta ce, "Yanzu dai ban rasa komai ba. Ranar da na daina, na rasa hannuna." Ba ta taɓa kama sunansa ba. Har furfura ta fito masa "yaron nan" take ce masa. Ni kuwa Amarya nake a bakinta har ranar da ta bar duniya, ina da 'ya'ya biyar.

Da safe bayan ta karya, takan shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaron tsakar gida, ta miƙe ƙafa, ta ɗora aiki a cinya. Takan fara da sanfefa mai kaushi, ta koma mai laushi. Sai ta jiƙa tsumma ta shafe kayan, ta jingine su a inuwa. Da sun bushe, za ka ji itacen ya yi gashi-gashi, sai ta sake gogewa. Haka za ta yi sau biyu, wani lokaci sau uku. Takan ce, "Gashin da bai tashi a hannuna ba, a miyar mutane zai tashi." Daga nan ta ɗora ƙaramar tukunyarta a kan garwashi, ta narkar da man kaɗanya da ɗan kakin zuma, ta shafa da tafin hannu tun yana da ɗumi. Kayan su kwana, ta goge abin da itacen bai shanye ba, ta sake shafawa. Ƙamshin man nan shi ne ƙamshin gidanmu. Ko a kasuwa na ji shi yanzu sai na waiga.

Ba ta yarda da man gyaɗa ba, ta ce yana tsufa a cikin itace ya canja wari ya yi danƙo. Ba ta karɓar abin da aka sassaƙa da ragowar katakon kafintoci, ta ce wa ya san maganin garar da ya sha. Maɗaci kuwa ko kyauta ba ta so a abin girki, saboda ɗacinsa. Tana son ƙirya a turmi, aduwa a muciya. Idan masassaƙi ya kawo buhu, sai ta ɗauki kowanne ta sansana, wani ma ta ɗora masa harshe. Ƙa'idarta guda ce, kuma yaran unguwa ma sun haddace ta: "Abin da ba za ki iya lasa ba, kada ki shafa wa abin da zai shiga tukunya."

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Bakinta yana da kaifi, kuma ba ta san inda ake ɗaga ƙafa ba. A gidan biki, tsakiyar jama'a, sai ta ga muciya a jiƙe cikin baho ta tsamo ta, ta ɗaga sama ta ce, "Ta wace ce wannan marainiyar?" Mun sha jin kunya a gidajen mutane. 'Yata ta fari ta taɓa rantsuwa ba za ta ƙara bin kakarta suna ba.

Ni ma na ɗanɗana, kuma nawa ya fi na kowa, domin ni na jawo.

Watana shida da aure lokacin. Na zo da tukwanena masu ƙyalli da cokulan roba da farantan tangaran, ina ganin kaina 'yar boko mai tsabta. A madafin Inna akwai wani baƙin akushi mai faɗi, wanda take zuba wa maigidana tuwo a ciki duk ranar Juma'a idan ya dawo masallaci. Sai ta tafi Zariya biki na kwana biyar. Na ce bari in ba ta mamaki, in wanke mata madafi tas. Da na zo kan akushin, na ɗauka baƙinsa dauɗa ce ta shekaru. Na tafasa ruwa, na zuba garin sabulu, na danna shi ciki ya kwana. Da safe na dirje shi da soson ƙarfe, na kifa shi a kan rufin kwanon madafi don ya bushe da wuri, na wuce ofis. Bazara ce, rana kamar ta narkar da kwalta.

Da na dawo da la'asar na sauko da shi. Ya tsage tun daga baki har kusa da gindi. Yatsana yana shiga.

Ban gaya wa kowa ba, har maigida. Na nannaɗe shi a zane, washegari na sauka a Kawo na kai wa wani kafinta a bayan tasha. Ya ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Ya cusa masa gam haɗe da garin katako, ya ɗaure, ya goge, sannan ya shafe shi ciki da waje da man ƙyallin da suke shafa wa kujeru da gadaje. Da na karɓo shi har ina ganin fuskata a ciki. Wallahi murna na yi. Na mayar da shi mazauninsa, na ce ai ya fi da kyau.

Inna ta dawo ranar Alhamis. Ranar Juma'a ta tuƙa tuwon shinkafa, ta miƙa hannu ta ɗauko akushin. Ina tsugune ina yanka kuɓewa, ina satar kallonta. Ta tsaya cak. Ta shafa cikinsa da yatsu, ta kai shi hanci, ta daɗe a haka.

"Amarya."

"Na'am, Inna."

"Wa ya taɓa akushin nan?"

Na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, ba ta katse ni ba.

Sannan ta ce, "Tsagewar ba laifi ba ce, rashin sani ne. Itace ne, ko a hannuna yana iya tsagewa. Amma ki kai shi a cusa masa gam, a shafe shi da man kujera, ki mayar min da shi ki ja bakinki ki yi shiru, in zuba wa ɗana tuwo mai zafi a ciki? Da ba ni da hanci fa? Da shi ke nan ya ci?"

Da na durƙusa a nan da magana ta ƙare. Amma ƙuruciya da jin kunya suka haɗu suka zama tsiwa. Na ce, "Inna, kwanon katako ne fa. Gobe in sayo miki na tangaran guda goma."

Ta kwashe tuwon a kwanon samira, ta rufe, ta rungumi akushin ta shige ɗaki ta saki labule.

Da maigida ya dawo ya ga tuwonsa a samira, ya tambaya, na gaya masa. Ya ajiye lomar da ya ɗebo. Ya ce, "Baba ne ya sassaƙa shi shekarar da aka haife ni. Duk abin da hannunsa ya yi an sayar ko an rabar. Shi kaɗai ya rage mata." Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi.

Na je na ba ta haƙuri ina kuka. Ta ce, "Na yafe," ba ta ɗago kai ba. Daga nan sai gaisuwa kawai ke haɗa mu. In ce ina kwana, ta ce lafiya, shi ke nan. Ta daina aikena, ta daina yi min gyara a girki, wanda a da nake ƙorafi a kansa. Gidan ya yi min faɗi. Bayan mako biyu na haɗa 'yan kayana na tafi gidanmu a Kurmin Mashi, na ce wa mahaifiyata ba zan iya zama inda ba a sona ba. Ta ji labarin tun daga farko, ta miƙe ta ɗauko mayafinta. Ta ce, "Matar da ta ji tsoron kada ɗanta ya ci guba, ita ce za ki ce ba ta da kirki? Tashi." Da kanta ta mayar da ni kafin magariba. Suka shiga ɗaki ita da Inna suka daɗe. Har yau ban san abin da suka tattauna ba.

Ranar Asabar da safe ina shara, Inna tana kan tabarmarta. Ba ta dube ni ba ta ce, "Amarya, ajiye tsintsiyar nan." Ta turo min wani cokalin katako da ko gogewar fari ba a yi masa ba, da guntun sanfefa. "Mun ga hannunki ya iya ɓatawa. Zauna mu ga ko ya iya gyarawa."

Wuni guda na yi a kan cokali ɗaya. Na miƙa mata, ta shafa, ta mayar min. Na sake, ta sake mayarwa. "Bi jijiyar itacen, kada ki ratsa ta. Ba tukunya kike kankarewa ba." A karo na huɗu ta goga shi a leɓenta na ƙasa, ta ce, "To, ba laifi." A bakin Inna, ba laifi yabo ne babba.

Tun daga ranar, duk Asabar da ba ni da uzuri ina kan tabarmar nan. A nan na koyi cewa ana wanke muciya da zarar an gama tuƙi, kafin tuwo ya bushe a jikinta, a tsane ta da tsumma, a tsayar da ita inda iska ke ratsawa. "Rana ta shanyar hatsi ce," in ji ta, "kayan itace inuwa suke so." Na koyi cewa idan cokali ya kama ƙarnin kifi ko warin daddawa, gishiri da lemun tsami ke fitar da shi. Katakon yankan ɗanyen nama daban yake, ba ya haɗa hanya da na kayan miya. Idan itace ya fara fari yana kaushi, ƙishi yake ji, a ba shi mai. Idan kuwa tsaga ta yi zurfi har abinci na maƙalewa a ciki, to aikinsa ya ƙare, komai son da ake masa. A kan tabarmar nan kuma na ji labarin ƙuruciyarta, da 'ya'ya biyun da ta binne, da abubuwan da ko 'ya'yanta mata ba ta gaya wa ba.

Sai bayan shekaru, ina da goyon ɗana na uku, ta sake ɗauko maganar akushin da kanta. Yana kan durowarta, tana ajiye carbi da zare da allura a ciki. Ta ce, "Kin san abin da na yi wa kuka ranar nan? Ba tsagar ba. A cikinsa akwai sawun gizagon mahaifin yaron nan. Na ƙi goge su da gangan tun yana sabo. Kowanne na san shi da yatsana. Idan ina wanke shi kamar muna gaisawa ne. Kafintan naki ya goge su sumul." Sai hawaye suka zubo min. Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke kuma meye na kuka? Na rasa akushi na samu mai taya ni aiki. Miƙo min man nan."

Akwai maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin gwamnati, da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama. Bakinsa ya karkace, idan matarsa ta ba shi kunu sai ya datse cokalin ƙarfe ya ji wa dasashinsa ciwo, har ya fara ƙin cin abinci. Matar ta shigo tana ba mu labari cikin damuwa, ba wai tana neman komai ba. Da yamma Inna ta sa na raka ta Kawo wurin wani tsohon abokin aikin Baba. Ta kwatanta masa irin cokalin da take so da yatsa: ɗan ƙarami, marar zurfi, mai kaurin baki, mai doguwar ƙota. Kwana uku ta yi a kan cokalin nan, ta ajiye duk sauran aiki. Ta goge, ta jiƙa, ta goge, tana gwada shi a bakinta. Da ta gama ta kai da kanta, ta zauna har aka ba shi kunu a gabanta ya shanye. Da matar ta fara godiya sai Inna ta katse ta: "Ki wanke shi nan take, kuma kada in zo in same shi a ruwa." Da wannan cokalin ya ci abinci har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarun baya-bayan nan idonta ya yi rauni, amma yatsunta ba su tsufa ba. Ni nake gogewa, ita take dubawa ido a rufe. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta sa a ɗage labulen ɗakinta don ta riƙa jin ƙarar sanfefa daga tsakar gida. Idan na yi gaggawa tana ganewa daga kwance. "Amarya, ana korarki ne?"

Kwana biyu kafin rasuwarta ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce, "Ki yafe min bakina. Na san yana da zafi." Na ce, "Inna, ni ce mai neman gafara." Ta ce, "Ke kin biya naki tuntuni." Ta lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta, sai ta ƙara da cewa, "Yaron nan ba ya faɗa idan ba shi da lafiya. Ki riƙa duba idonsa."

An yi addu'ar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, baƙi suka watse. Na naɗe tabarmarta na jingine a lungu. Ban iya kallon wajen mangwaron ba. Masassaƙan ma sun daina zuwa, sun san abin da ya faru.

Wata ranar Lahadi da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce daga wani ƙauye a hanyar Zariya, da goyo a bayanta da ƙunshi a ka. Ta ce motar Kawo ta hawo, wurin Inna ta zo. 'Yarta za ta aurar bayan sallah, ta sa an sassaƙa mata muciya da akushi da cokula, kuma ta rantse ba za a kai su ɗakin yarinyar ba sai sun bi ta hannun da nata kayan auren suka bi.

Na ba ta wurin zama, na kawo mata ruwa, sannan na gaya mata. Ta dafe ƙirji ta yi salati, ta yi kuka sosai, ni ma ta tayar min da nawa. Da ta natsu ta yi addu'a, ta gyara goyonta, ta sunkuya za ta ɗauki ƙunshin.

Ban san lokacin da na ɗora hannu a kansa ba. Na kwance zanen, na ɗauki muciyar na sansana. Aduwa ce, busasshiya, mai kyau.

Na ce, "Bar su. Ki dawo Lahadi ta sama."

Ta dube ni da jajayen idanu. "Ke ma kin iya?"

Na ce, "Ban kai ta ba. Amma ita ta koya min."

Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mata kurakuranta, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta tausasa abin da bayinsa ke kaiwa baki. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da ita a inuwar da ba ta gushewa. Amin.